KOSET: KEJIN DA MATAN TURAI SUKA ƁALLE SUKA GUDU, NAMU NA SAYENSA DA KUƊINSU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da iyalan gidansa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan uwana mata, da ku iyayenmu, da ku samari masu shirin aure, ina neman ku ara mini kunnuwanku a kan wata masifa da ta shigo mana gida cikin ruwan sanyi, ta ƙofar teloli da ta wayar hannu.

Kwanakin baya, cikin zafin bazara, na je bikin wata ƙanwata, 'yar gwaggona. Tun da aka zaunar da amarya a kan kujera na lura ba ta jingina ba, ba ta waiwaya ba, an kawo abinci ba ta taɓa ba. Mata na ta guɗa, ana ta cewa kai, wannan amarya akwai ƙirar kalangu. Can sai muka ga ta sulale ƙasa. Nan take wuri ya ruɗe, wasu na cewa aljanu ne, wasu na cewa baki ne ya kama ta, wata na yayyafa mata ruwa. Da yake na ɗan koyi aikin agajin gaggawa, sai na kutsa na tallafo ta. Hannuna na sauka a bayanta na ji sanduna a jere cikin rigar, ga igiya an ja ta tamau kamar an ɗaure buhun gero.

Na ce, "Gwaggo, a ba ni almakashi."

Ta ce, "Ke 'yar nan, kin san nawa aka ɗinka rigar nan kuwa?"

Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, riga za a yi wata."

Ina datse igiyar, yarinyar nan ta ja wani dogon numfashi irin na wanda aka tsamo daga rijiya. Da ta buɗe ido ta gane abin da ya faru, maganar farko da ta fito daga bakinta ita ce, "Yaya, kin ɓata mini riga." Daga baya na samu labarin cewa tun da aka ɗaure ta bayan azahar ba ta yi la'asar ba, ba ta yi magariba ba, domin ba za ta iya ruku'u ba, cire rigar da mayar da ita kuwa aikin mutum biyu ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan magana tata ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

MENE NE KOSET, DAGA INA YA FITO?

Ga wanda bai sani ba, koset wata riga ce mai tauri da ake sawa daga ƙasan ƙirji zuwa saman kwatangwalo. Ana jera mata sanduna a tsaye, na ƙarfe ko na roba, a sa mata igiya ko ƙugiyoyi, a ja har ƙugu ya tsuke. Yau yana zuwa mana ta fuska biyu. Akwai wanda tela ke ɗinkawa a cikin rigar amarya da ta ƙawayenta. Akwai kuma na roba da ake tallarsa a WhatsApp da Instagram da sunan bel ɗin rage tumbi. Masu talla suna kiransa sabon yayi. To bari mu duba wannan sabon yayi mu ga shekarunsa.

Tun a ƙarni na 16 matan fadojin Turai suka fara sa shi, a Sifaniya da Italiya da Faransa da Ingila. Har yau a cocin Westminster da ke Landan akwai wanda aka ɗinka wa mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya lokacin jana'izarta a shekarar 1603. Ashe sabon yayin ya haura shekara 400. A wancan zamani sandunan da ake sa masa daga bakin wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi ake samo su, wadda Turawa ke kira wel, don haka aka yi ta farautarta ana kashewa saboda manta da kuma waɗannan sanduna. Daga fada abin ya gangaro ga matan attajirai, daga nan ya kai ga 'yan aikin gida da ma'aikatan masaƙu. Har yara mata ƙanana ana sa musu nasu, wai don jikinsu ya tashi a miƙe. Har masu juna biyu an ɗinka musu irin nasu.

Da farko ba a iya ja da ƙarfi sosai, domin hudojin da igiya ke bi da zare ake ɗaje bakinsu, in an matsa sai yadi ya yage. A shekarun 1820 aka fara sa wa hudojin zobban ƙarfe. Daga nan ne aka samu damar ja iya ƙarfin mai ja, yadi ba ya yagewa, sai dai jiki ya bi. Wannan shi ne zamanin ƙugun zanzaro.

Dubi Sarauniya Elisabeth ta Ostiriya, wadda aka fi sani da Sisi. Ta shahara da tsuke ƙugunta zuwa kimanin santimita 50, da kuma ƙuntata wa kanta abinci. A ranar 10 ga Satumba 1898 wani mutum ya soke ta a ƙirji da wani siririn magagari a birnin Janiba. Ta faɗi, ta tashi, ta taka da ƙafarta har cikin jirgin ruwan da za ta hau, ba ta san an soke ta ba. Sai da ta suma aka yanke igiyoyin koset ɗinta don ta samu numfashi, sannan aka ga raunin, kuma a ranar ta cika. Ki tsaya ki yi tunani, 'yar uwa. Mace ce da ta saba da azabar ɗauri har ƙarfe ya shige ta ta ɗauka naushi ne.

Ko kuma wata Baturiyar Ingila mai suna Ethel Granger, wadda littafin bajinta na Guinness ya rubuta cewa ta mayar da ƙugunta inci 13, wato santimita 33, cikin kimanin shekara goma. Ɗauko tef ɗin awo ki naɗe inci 13 ki gani da idonki. Sanannen abu ne kuma cewa mijinta ne ya ɗora ta a kan wannan hanya, domin shi ke sha'awar ganin haka. Ku riƙe wannan, samari, zan dawo kanku.

A YI ADALCI

Addininmu bai yarda mu yi ƙarya ba ko a kan abin da muke ƙi, don haka zan faɗi abin da ke wajen masu kare shi. Ba kowace Baturiya ce ta ja igiya irin jan Sisi ba. Mafi yawansu sun sa shi daidai jikinsu suka yi aikinsu na yau da kullum. A zamanin da babu rigar mama, shi ke tallafe ƙirji. Tufafinsu na ƙasar sanyi masu nauyi ne, siket a kan siket, shi ke raba wannan nauyi don kada ya taru a ƙugu. Labarin da ake yaɗawa cewa matan wancan zamani suna zuwa a cire musu haƙarƙari, wata masaniyar tarihin tufafi ta Amurka, Valerie Steele, wadda ta wallafa littafi a kan koset a 2001, ta bincika ba ta samu hujjarsa ba. Kuma gaskiya ne duk wadda ta sa shi za ta ga ta miƙe, riga ta zauna mata, ta ji wani ƙwarin gwiwa a gaban madubi. Ba don haka ba da babu mai saye.

Haka nan a asibiti akwai 'yan uwansa masu amfani. Yaron da ƙashin bayansa ke karkacewa yana tasowa, likitocin ƙashi na yi masa wata riga mai tauri da ke hana karkatar ƙaruwa. An ƙirƙiro wani nau'inta a birnin Milwoki na Amurka a shekarun 1940, wani kuma a Boston a shekarun 1970. Wadda aka yi wa tiyata a ciki ma likita kan ba ta abin ɗauri mai taushi na ɗan lokaci don ta ji daɗin motsi. Amma fa a nan akwai cuta, akwai likitan da ya auna, akwai ranar cirewa. To wai shin wace cuta ce ke damun yarinya 'yar shekara 19 mai ƙoshin lafiya da har za a zuba ta cikin sanduna? Mu kuma da muke da rigar mama a kowace kasuwa, muke sa atamfa marar nauyi a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wanne daga cikin dalilan Turawan ne ya shafe mu?

SU DA KANSU SUKA YAƘE SHI

Abin da masu talla ba za su gaya muku ba shi ne cewa mutanen da suka ƙirƙiro shi su suka fara kuka da shi. A 1788 wani masanin halittar jikin ɗan Adam na ƙasar Jamus, Samuel Thomas von Sömmerring, ya yi rubutu a kan illarsa, daga baya kuma ya fitar da zanen da ke kwatanta ƙirjin da aka bari yadda yake da wanda aka matse. A 1881 wasu mata a Landan suka kafa ƙungiyar neman a dawo da tufafin hankali, matse ƙugu na cikin manyan abubuwan da suka tsaya yaƙa.

Da 'yan kasuwa suka ga kukan ya yi yawa, me suka yi? Wajen 1900 sai ga wani sabon samfuri, wanda ya samo asali daga zanen wata likita 'yar Faransa, Inès Gaches-Sarraute, ita da nufin rage matsin da ke kan ciki. Masu masana'anta suka karɓe shi suka raɗa masa suna koset na lafiya. Da aka ja shi da ƙarfi sai ya riƙa tura ƙirji gaba ya tura kwatangwalo baya, gadon baya ya lanƙwashe, mace na tafiya kamar agwagwa. A 1908 wani likita, Ludovic O'Followell, ya wallafa hotunan ƙashi na matan da ke sanye da koset, kowa ya ga yadda haƙarƙarin ƙasa ke shigewa ciki. Kun ga ke nan sayar da shi da sunan lafiya ma tsohuwar dabara ce, an yi wa matan Faransa ita shekara 120 da suka wuce.

A 1914 wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta yi rajistar wani samfurin rigar mama mai taushi. A shekarar ce yaƙin duniya na farko ya ɓarke, maza suka tafi fagen daga, mata suka shiga masana'antu, kuma babu mai iya aikin ƙarfi cikin keji. A 1917 hukumar kula da kayan yaƙi ta Amurka ta nemi mata su daina sayen koset domin ana buƙatar ƙarfensa. Abin dubawa a nan shi ne, likitoci sun shafe fiye da shekara 100 suna kuka kasuwa ba ta ji ba, amma ranar da aka buƙaci ƙarfen don kashe mutane, aka kuma buƙaci gumin mata a masana'anta, sai yayi ya juya. Wannan shi ne tsarin jari-hujja. Ba ruwansa da haƙarƙarin kowa, ribarsa kawai yake dubawa.

Shi ya sa ma bai bar abin ya mutu ba. A 1947 mai zanen tufafin nan na Faris, Christian Dior, ya dawo da tsukakken ƙugu. A 1968 wasu mata masu zanga-zanga a Atlantik Siti ta Amurka suka tattara ire-iren waɗannan kayan matsi suka zuba a kwandon shara a bainar jama'a. Ban kawo su don su zama mana abin koyi ba, na kawo su ne don a ga cewa masu abu sun gaji da abinsu. A 1990 mawaƙiya Madonna ta hau dandamali da koset a matsayin rigar waje. A 2014 Kim Kardashian ta sa hotonta a Instagram sanye da bel ɗin roba, kasuwarsa ta buɗe a duniya. Ita ɗin dai, bayan wani bikin nuna tufafi a Niyok a 2019, ta faɗa da bakinta irin azabar da ta sha da shatin da rigar ta bar mata a baya da ciki. Daga can ne abin ya biyo waya ya iso Kano da Zariya da Kaduna da Maraɗi. Abin da aka zuba a shara a 1968, shi muke kai wa tela da kuɗinmu muna cewa mun waye. In wannan ba ci gaban mai haƙan rijiya ba ne, to a faɗa mini sunansa.

AMSAR MASU TALLA

Suna cewa yana ƙona kitse. Ƙarya ne. Kitse ba ya narkewa don an matse shi, jiki ne ke cin sa idan abin da mutum ya ci bai kai abin da ya ƙona da motsi ba. Gumin da kike gani a ƙarƙashin robar ruwa ne, kina shan kofi biyu ya dawo. Ki cire bel ɗin ki kwana, da safe tumbin na nan inda kika bar shi.

Suna cewa yana rage cin abinci. Ƙwarai kuwa, kamar yadda in aka shaƙe mutum zai rage surutu. Cikin da aka matse ba ya ɗaukar abinci, sannan ruwan tsamin da ke cikinsa yakan tunkuɗo sama ya zama ƙwannafi, hanji kuma ya kasa aikinsa a sake.

Suna cewa yana gyara baya. Allah ya halitta mana tsokoki a ciki da gadon baya waɗanda aikinsu ke nan. Duk tsokar da aka karɓe wa aiki kullum sai ta yi rauni. Mai sa shi dare da rana za ta wayi gari ba ta jin daɗin zama sai da shi, mai sayarwa kuma ya samu abokiyar ciniki ta har abada.

Abin da ya kayar da ƙanwata kuwa ga shi. Mutum na da haƙarƙari 12 a kowane gefe, biyun ƙarshe ba su haɗe da komai ta gaba ba, don haka su ne ke fara shigewa in an matsa. A ƙarƙashin huhu akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Duk jan numfashi sai ta sauka ƙasa ciki ya ɗan taso. In an ɗaure cikin ba ta da wurin sauka, sai mutum ya koma numfashi sama-sama. Haɗa wannan da yunwa da zafi da cunkoson biki, me ake jira in ba suma ba?

Wata za ta ce, ai kakanninmu ma suna ɗaure wa mai jego ciki da zane. Gaskiya ne. Amma zane ne, ba shi da ƙarfe, ana kwance shi, kuma jego na ƙarewa an gama. Nufinsu tallafa wa wadda ta haihu ne, ba su taɓa ɗaure budurwa don 'yan kallo ba. Ke kuma mai jego da ake tura wa tallar bel tun kafin suna, ki sani jikin da ya ɗauki ciki wata tara yana buƙatar lokacinsa, matse shi da ƙarfi na iya tura nauyi ƙasa kan mara da ba ta gama warkewa ba. Ki tambayi ungozoma ko likita kafin ki tambayi mai talla.

LAIFIN WAYE?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai sayar da bel ba zai ci kasuwa a wajen macen da ta yarda da halittarta ba. Don haka kafin ya sayar miki da bel sai ya fara sayar miki da ƙin jikinki, ya yi ta nuna miki hotunan da aka gyara da na'ura har ki dubi cikin da ya ɗauki 'ya'yanki ki ji kunyarsa. Wannan jiki amanar Allah ce a hannunmu, za a tambaye mu a kansa, kuma cutar da shi da gangan ba ya cikin abin da aka halatta mana. Tufafi kuwa sutura ake ce masa, aikinsa rufewa. Rigar da aka ƙera musamman don ta zana wa kowane ɗan kallo iyakar ƙirji da ƙugu, ta kuma hana mai ita sujada tun daga la'asar har isha'i, wane irin albarka muke nema da ita a ranar da ake kafa gida?

Ku samari da magidanta, na ce zan dawo kanku. Mijin Ethel Granger bai mutu ba, yana nan cikinku. Shi ne saurayin da ke tura wa budurwarsa hoton wata yana cewa haka yake so. Shi ne magidancin da matarsa ta haifa masa uku sannan yake yi mata gorin tumbi, alhali nasa ya riga shi shiga ɗaki. Wallahi da yawan matan da ke kwana cikin roba, maganar ɗayanku ce ta sa su ciki. Ku ji tsoron Allah.

Ku teloli, mun san abin da aka kawo muku kuke ɗinkawa, kuma da shi kuke ci da iyali. Amma ku kuka san inda sanda ke zama da inda igiya ke tsayawa. In yarinya ta ce a rage mata inci huɗu daga awonta, ku gaya mata gaskiya. Ku iyaye mata, ranar gwajin riga ku sa amarya ta zauna, ta sunkuya ta taɓa gwiwa, ta ja numfashi har ƙasa. Rigar da ta hana ta ɗaya daga cikin waɗannan a mayar wa tela.

Ke kuma 'yar uwa, in ƙiba ce ke damunki don lafiyarki, hanyarta a bayyane take kuma ba a sayar da ita a waya: rage zaƙi da maiƙo, yawaita tafiya da ƙafa, haƙuri na watanni. In kuwa bakin mutane ne ke damunki, to ki tuna cewa waɗanda suka yi wa ƙanwata guɗa su ne suka koma gefe suna kallo lokacin da ta faɗi.

Ƙanwar tawa ta samu lafiya, alhamdu lillahi, ta kuma rama sallolinta. Rigar na nan a ƙasan akwati da igiyarta a datse, har yau Gwaggo ba ta daina yi mini mitar kuɗin ɗinkin ba. Na gwammace mitarta sau dubu a kan zaman makoki.

Allah ya ganar da mu gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare mana 'ya'yanmu da ƙannenmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.